Na Ƙirga Rumfuna, Na Manta da Mutane

Duk wanda ya daɗe a aikin hukuma yana da takardar da yake fatan da bai sa mata hannu ba. Tawa jerin sunaye ce. Da ita aka tashi wata kasuwa da ta girmi mahaifina aka kai ta bayan gari, kuma har yau garin bai gama farfaɗowa ba. Ba zan ambaci sunan garin ba, domin waɗanda muka yi aikin tare suna nan da ransu, kuma ba su nake tuhuma ba. Ni na zana taswirar, ni na tattara sunayen, ni kuma na tsaya gaban manya na kare aikin har suka amince.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi magana shi ne yadda gyaran birane ya zama ruwan dare. Kaduna ta ƙaddamar da nata shirin sabunta birni a 2019, Kano ta cika da gadojin sama da na ƙasa, Yamai ta yi nata a ƙarƙashin shirin Niamey Nyala na zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Ƙananan garuruwa ma ba a bar su a baya ba, da wuya ka sami ciyaman ɗin da ba ya burin a ce shi ya gina kasuwar zamani. A kowane irin wannan aiki akwai wani matashin ma'aikaci da aka miƙa wa biro da takarda aka ce ya tsara. Shi nake so ya karanta wannan.

Garinmu hedikwatar ƙaramar hukuma ne, a kan babban titi yake. Kasuwarsa tana ci sosai sau ɗaya a mako, sauran ranaku kuma ana ɗan taɓawa daga hantsi zuwa magariba. Tana manne da tashar mota, masallacin Juma'a na gabas da ita, fadar hakimi ba nisa. Ba zan yi mata kwalliyar da ba ta da ita ba. Ranar kasuwa titi kan toshe tun daga walaha, tirela ta tsaya, 'yan tebur sun cinye rabin kwalta, yara na gilmawa ta ƙarƙashin motoci. Da damina layin 'yan gwari ya zama caɓi, jinin mahauta ya bi magudanar da ta toshe ya kwanta a ƙofar gidajen mutane. Babu banɗaki na kirki. An taɓa yin gobara da dare, motar kashe wuta ta rasa ta inda za ta shiga. Duk wanda ya ce wurin na bukatar gyara gaskiya ya faɗa.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga karatun tsara birane ba, kaina cike da taswirori. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, don haka da aka kafa kwamitin gyaran kasuwa, aka naɗa ni sakatare. Sauran 'yan kwamitin dattawa ne masu hidimomi da yawa, sai suka sakar mini aikin, suna cewa ai ga wanda ya karanta abin.

Na samo fili mai faɗi a bayan gari, tudu ne da ruwa ba ya kwanciya. Na zana layukan shaguna na bulo masu ƙofar ƙarfe, da ofishin masu karɓar haraji, da banɗakuna, da katanga mai ƙofa biyu. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Ƙungiyar direbobi ta ce ba za ta tashi daga tsakiyar gari ba, ni kuma ban ɗauki wannan da nauyi ba. Na ce a bar tasha inda take, ai kasuwa muke gyarawa. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma da shi kaɗai ne da ya isa.

Na biyu ya fi muni. Da aka zo maganar waɗanda za a ba wuri a sabuwar kasuwa, sai na ɗauko littafin masu biyan kuɗin rumfa na shekara, na kwafe sunayen da ke ciki. A ganina na yi adalci, babu son kai, babu alfarma, duk wanda ke cikin littafi ya samu. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne: su wa ke cin abinci a kasuwar nan da ba su cikin littafin? Mai tebur tikiti take yanka kullum, tikitin kullum kuwa ba a rubuta suna a kansa. Haka mai tuwo da mai ƙosai, da Fulanin da ke kawo nono, da mai shayi, da wanzami, da mai gyaran takalmi, da 'yan dako da 'yan baro, da 'yan ga-ruwa, da masu awo da ke shimfiɗa buhu a ƙasa. A bayansu kuma akwai matan cikin gida da ba sa fitowa, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura, waɗanda kayansu ne ke zuwa kasuwa ba su ba. Waɗannan duka sun ninka masu rumfa, amma ko ɗaya bai shiga jerina ba.

Ba zan ce ba a gargaɗe ni ba. Mun kira taro a fadar hakimi, muka gayyaci Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da shugabannin ƙungiyoyi. Na shimfiɗa taswira ina bayani. Wani tsohon dillalin hatsi da ba a ma gayyace shi ba, ya biyo wani ne, ya matso ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Ɗana, ina ka sa masu abinci?"

Na ce, "Baba, za su biyo baya in kasuwa ta kankama."

Ya ce, "To motar ƙauye fa, a ina za ta sauke mutane?"

Na ce, "A tasha mana, ai ba nisa, ga 'yan acaɓa nan."

Ya girgiza kai. "Kasuwa kamar ruwa take, gangare take bi. Inda ƙafa ta saba nan ne gangarenta. Kai kuma ka yi mata gida a kan tudu."

Aka yi 'yar dariya aka wuce. Da na koma ofis ina rubuta rahoton taron, abin da na sa a kan maganarsa layi ɗaya ne: wasu dattawa sun nuna rashin son canji. Na sha komawa ga wannan layi a zuciyata. Mutumin ya yi mini tambayoyi biyu da duk aikin ya rataya a kansu, ni kuma na mayar da su halin tsufa.

Kuskure na uku lokaci ne. Ɗan kwangila ya gama, ana son a yi bikin buɗewa, sai na ba da shawarar a tashi mutane kafin azumi. Ban yi la'akari da cewa a daidai wannan lokaci ne 'yan kasuwa suke cike rumfunansu da kayan bashi ba, atamfa da shadda daga Kantin Kwari, sukari da madara da man girki daga Singa, da alkawarin biya bayan Sallah. Wa'adin da muka bayar gajere ne. Da ya cika katafila ta shigo.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba, a hankali ya riƙa bayyana. Matar ƙauye da ta zo da kaji biyu da tiyar gyaɗa takan sauka a tasha kamar kullum. Da can taku kaɗan ne ta isa layin kaji, ta sayar, ta juya ta sayi gishiri da sabulu da omo, ta ci abinci, ta hau mota. Yanzu sai ta biya acaɓa zuwa, ta biya dawowa da kaya, kuɗin ya cinye ribar kazar. Masu saye suka gane haka kafin kowa, suka riƙa tare mutane a bakin tasha suna saye tun kafin a sauke kaya. Wanda ya sayar a nan kuwa a nan yake son ya yi sayayya. 'Yan teburin da ba mu ba wuri ba suka dawo suka jeru a gefen titi, a wurin da ya fi na da matsi da haɗari. Cunkoson da muka ce za mu kawar ya dawo, ya ƙaru, kuma yanzu babu Sarkin Kasuwa a kansa.

Can a sabuwar kasuwa masu shaguna suna zaune suna kallon juna. Sai a lokacin na fahimci cewa mai shago da mai tebur ba kishiyoyi ba ne. Yawancin 'yan tebur a wurin masu shago suke ɗaukar kaya da safe, su biya da yamma. Mai shago yana bayarwa ba takarda ba shaida, domin daga bakin ƙofarsa yana hango teburin. Da muka raba su, wannan bashin ya mutu, mai tebur ta rasa kaya, mai shago ya rasa hannun da ke fitar masa da su. Adashi ma haka. Uwar adashi takan zaga kasuwa kowace yamma ta karɓi zubi, da shi ake ƙara jari, da shi ake aurar da 'ya'ya. Da mutane suka warwatsu, zubi ya tsinke, wasu da ba su kai ga kwasa ba suka yi asarar abin da suka zuba, aka yi ta kai ƙara gaban alƙali tsakanin mutanen da suka shekara da shekaru suna zaman amana.

Matan cikin gida su suka fi jin jiki, kuma su ne ba a ji muryarsu ba. Ba na cikin masu yabon tallar yara, na san illarta. Amma yanke wa uwa hanyar samu bai kai 'yarta makaranta ba. Yarinyar da ke kai ƙuli-ƙuli layin da kowa ya san gidansu, yanzu ita ce ke bin tagogin motoci a bakin babban titi.

Shagunan ma ba duka suka zauna a hannun 'yan kasuwa ba. Kuɗin kama shago ya fi ƙarfin da yawa daga waɗanda sunansu ya fito, ga bashin Sallah a wuyansu, sai suka sayar da takardunsu ga masu hali. Ban sa wata ƙa'ida da ta hana haka ba, domin ban hango shi ba. Waɗanda suka saya ba ciniki ya dame su ba, ajiyar dukiya suke yi, suka garƙame ƙofofi da kwaɗo. Mai saye in ya shigo ya ga layi rabinsa a rufe, ba ya marmarin dawowa. Manyan masu sayen hatsi da dabbobi suka karkata zuwa kasuwar wani gari da ke kusa. Kuɗin shigar da na yi wa kwamiti alkawarin zai ninka sai ya ja baya. Tsohon filin kuwa, da aka ce za a yi wa gari wani abin alfahari a kai, ya zauna a killace har ya zama juji.

Duk wannan ina gani ina neman uzuri. Ina cewa mutanenmu ba sa son tsari, ina cewa lokaci ne zai gyara. Ranar da uzuri ya ƙare mini ita ce ranar da wata dattijuwa mai sayar da tuwo ta shigo ofishina. Ƙawar mahaifiyata ce. Ta ƙi zama a kujera, ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, tun kana ɗan firamare kake cin tuwona a bakin tasha. Da kake rubuta sunaye, ba ka gan ni ba ne?"

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, sunanki ne ba ya cikin littafi."

Ta ce, "Ban taɓa ɗora tukunya ban yanki tikiti ba. Kuɗina kun san shi, ni ce ba ku sani ba?"

Ban sami amsa ba. Da ta tafi na ɗauko lissafin tikitin kullum na kwatanta da na kuɗin rumfa, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Waɗanda na bari a waje ba 'yan cin arziki ba ne, da kuɗinsu ake tafiyar da kasuwar.

Na daɗe ina tunanin asalin wannan kuskure. Da farko na ɗauka ƙarancin ƙwarewa ne. Daga baya na yarda cewa raini ne. Ban tsani kowa ba, amma a can cikin zuciyata na ɗauki mai shago a matsayin ɗan kasuwa, mai tebur kuma a matsayin matsala. Na ɗauki abin da na karanta a matsayin ilimi, abin da dillali ya tara a shekarunsa kuma a matsayin al'ada. Ko tuntuɓar da na yi ta shugabanni ce kawai, shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuwa kusan dukansu maza ne masu rumfa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni masu ɗaki kaɗan na tambaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne darasin yana nan a tarihin Kano, ban duba ba. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta yi ƙarfi ne saboda hanyoyin ƙofofin birni a kanta suke haɗuwa, fatake kuma a unguwannin da ke kewaye da ita suke sauka wurin fatomominsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba wanda ya rushe Kurmi, amma babban ciniki ya bi tashar jirgi ya fita wajen badala, Sabon Gari da Fagge da Kantin Kwari suka bunƙasa. Hanya ce ta ja kasuwa, ba kasuwa ta ja hanya ba.

Kano ɗin kuma ta nuna cewa ba kowace fitar da kasuwa bayan gari ce kuskure ba. Dawanau, da ta kafu a kan titin Katsina a tsakiyar shekarun 1980, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. 'Yan Lemo na kan titin Zariya, Yankaba na kan titin Haɗeja. Waɗannan kasuwannin sari ne, mai sayensu da babbar mota yake zuwa, fili da titi yake bukata, nisa ba ya damunsa. Kasuwar garinmu kuwa mafi yawanta ta sayen ɗai-ɗai ce, mai sayenta da ƙafa yake zuwa da 'yan canji a hannu. Da na bambance waɗannan biyun, da layin hatsi da kara kawai na fitar, inda manyan motoci ke tsayawa, in bar sauran a inda suke in gyara musu magudana da hanyar wucewa.

Da na fara bibiyar abin da ya faru a wasu wurare, sai na ga kuskurena ƙaramin samfuri ne na wani babba. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko a Legas bayan wa'adin kwana 7, mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni, filin kuma ya koma unguwar masu kuɗi. Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a 2007, aka sake buɗe ta a 2014 da benaye masu kyau, amma kuɗin shago ya kai miliyoyin naira, da yawa daga tsofaffin 'yan kasuwar suka ci gaba da zama a titunan da ke kewaye. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, aka shafe fiye da shekara 20 'yan kasuwarta na ciniki a kan titunan Taminus. A Yamai an rushe ɗimbin ƙananan shagunan bakin titi a 2016, birnin na shirin karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019. A Kaduna an rushe Kasuwar Barci a Maris na 2020 don a gina sabuwa, 'yan kasuwa suka koka da gajeren wa'adi. Dalilan waɗannan ayyuka sun bambanta, wasunsu ma an samu alheri a cikinsu. Tambayar da ke binsu ɗaya ce: tsakanin rusau da buɗe sabon gini, a ina mai ƙaramin jari zai ci abinci, kuma in an buɗe zai iya shiga?

Doka ma ba ta cika ganin irin waɗannan mutane ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya a kan gini da shuka da aikin da aka yi a kan ƙasa. Ba ta san asarar masu saye ba, ba ta san bashin da ya mutu ba, ba ta san wadda ta shekara 30 tana tuwo a ƙarƙashin bishiya ba. Alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna neman abincinsu ne a sana'o'in da ba su da rajista. Wanda ya tsara gari don masu takarda kawai, ya tsara shi ne don 'yan tsiraru.

Akwai inda aka bi wata hanya dabam, kuma ya kamata masu tsara garuruwanmu su san labarin. A birnin Durban na Afirka ta Kudu akwai mahaɗar Warwick, inda tashar jirgin ƙasa da tashoshin bas da na tasi suka haɗu, mutum kusan 460,000 ke ratsa ta kullum, dubban ƙananan 'yan kasuwa kuma na neman abinci a cikinta. A zamanin wariyar launin fata korar su ake yi. Bayan 1994 wurin ya cushe ya ƙazantu, amma hukumar birnin ba ta kawo katafila ba. Ta buɗe ofishin aikin a cikin unguwar, ma'aikatanta suka riƙa zama da kowane rukuni dabam suna kallon yadda suke aiki kafin su zana komai. Masu maganin gargajiya da ke kwana a gefen titi suna gadin kayansu, aka mayar musu da wata gadar sama da ba a ƙarasa ba ta zama kasuwarsu. Matan da ke dafa kan saniya, irin 'yan langaɓunmu, waɗanda maiƙonsu ke toshe magudanar ruwa, aka gina musu wurin girki mai ruwa da hanyar tace maiƙo. Aka samar da rumfuna da wuraren ajiyar kaya da dare. Ba a ɗauke kowa daga hanyar da masu wucewa ke bi ba, domin an gane cewa wucewar mutanen ita ce jarin. Ko da hukuma ta so ta ba da filin tsohuwar kasuwar safe ta wurin a gina katafaren kanti a 2009, ana shirin gasar cin kofin duniya ta 2010, 'yan kasuwar sun riga sun haɗa kai, suka je kotu, har aka janye shirin a 2011.

Mu ma irin wannan kula da masu sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba: maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da sauransu, a tabbatar kowane gari yana da su, a kuma gyara kasuwanni da hanyoyi. Masu sana'a da ginin gari a wuri ɗaya ya ambace su. Mu ne muka raba su.

Daga baya an ɗan gyara abin da na ɓata. Na rubuta wa kwamiti na amsa cewa tsarina ne ya jawo matsalar. Aka roƙi direbobi su riƙa sauke fasinjan ƙauye a ƙofar sabuwar kasuwa ranar kasuwa, aka buɗe wani sashe na tsohon fili aka shata wa 'yan tebur da masu abinci wuri, aka ce duk shagon da ya daɗe a rufe za a karɓe. Kasuwa ta ɗan motsa. Amma jarin da ya karye bai dawo ba. Wasu sun tafi ci-rani kudu ba su komo ba, wasu sun koma dako a kasuwar da suka taɓa yin rumfa. Na je gidan mai tuwon nan na durƙusa na nemi gafara, ta yafe mini. Sauran kuwa da yawa ban san inda zan same su ba, kuma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don mai laifi ya yi nadama.

Ga wanda aka ba irin aikin da aka ba ni, ga abin da na koya da tsada. Kafin ka zana layi ɗaya, je ka zauna a kasuwar daga asuba zuwa isha, ranar kasuwa da ranar da ba ta ci, da rani da damina. Ƙirga kowa da ke samun na cefane a wurin, ka rubuta sunansa a gabansa, da mai rumfa da mai faranti. Nemi mata su yi maka magana su kaɗai, ka aika mace ta shiga gidaje. Bi sawun mai saye daga inda ya sauka zuwa inda ya hau, kada ka raba kasuwa da tasha. In gyara a wuri zai yiwu, ya fi tashi: magudana, banɗaki, ruwa, hanyar motar kashe wuta, layi bayan layi, mutane na ciniki ana aiki. In tashi ya zama dole, a gama sabon wuri kafin a taɓa tsohon, a kauce wa azumi da Sallah da kaka. A yi wurare iri-iri, daga shago har zuwa dakalin da mai jarin 'yan dubbai za ta iya biya kullum. A hana sayar da takardar shago, a hana ajiye shi a rufe. In an gama kuma kada a auna nasara da kyan hoto ranar yanke kyalle. A koma bayan shekara a duba mutum nawa ne daga cikin na farko suke nan, kuma cinikinsu ya ƙaru ko ya ragu.

Su ma ƙananan 'yan kasuwa akwai nasu aikin. Ku yi wa kanku rajista tun kafin a zo muku da taswira, ku ajiye tikitinku, ku zaɓi masu magana da yawunku, mata da maza, domin wanda ba shi cikin lissafi ba a tunawa da shi ranar rabo.

Garuruwanmu na bukatar gyara, ba na ja da wannan, kuma ba na so labarina ya zama hujjar masu barin mutane cikin caɓi da haɗarin gobara. Abin da nake cewa shi ne arzikin gari a hannun mutanen da ke juya 'yan kuɗi kullum yake, gini kuma don ya sauƙaƙa musu ake yinsa. Ni na juya lamarin, niyyata kyakkyawa ce, amma iyalai da yawa suka biya kuɗin jahilcina da abincin bakinsu. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba ga wanda aka damƙa wa amanar jama'a, sai ya haɗa da tambaya da saurare da ƙanƙan da kai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.